Rumbun Gida Ko Gajimaren Kamfani: Ina Ya Kamata Mu Ajiye Bayananmu?

A makon jiya wata ɗalibata da ke karatun digiri na biyu ta shigo ofishina, ta zauna, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da ƙyar ta iya gaya mini abin da ke tafe da ita. Masu ƙwacen waya ne suka tare ta da magariba a hanyarta ta komawa gida, suka raba ta da wayarta. Na fara yi mata jaje irin wanda aka saba, cewa tun da rai ya tsira sai godiya, kuma Allah zai musanya da wadda ta fi ta. Sai ta ce, "Malam, ba wayar nake wa kuka ba." A cikin wayar akwai hirarraki goma sha ɗaya da ta naɗa da tsofaffin marina da masaƙa, waɗanda ta shafe shekara ɗaya da rabi tana bin su ƙauye-ƙauye. Biyu daga cikin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. Na tambaye ta ko ta kwafe hirarrakin a wani wuri. Ta sunkuyar da kai, ta ce kullum tana cewa sai ta sami lokaci.

Ban yi mata faɗa ba, domin na san ni ma na taɓa zama a kan irin wannan kujera, kuma mai karatu, in zai faɗi gaskiya, wataƙila shi ma a kanta yake zaune yanzu. Takardun fili, hotunan iyayen da suka rasu, muryar kaka tana yi wa jika tatsuniya, lissafin bashin shago, babi huɗu na kundin digiri, duk suna cikin wani ɗan ƙarfe da ake iya fizgewa daga hannu a cikin daƙiƙa guda.

Da na kai labarin ɗakin hutun malamai, sai ya zama muhawarar da ta cinye mana sa'a biyu. Ra'ayoyi uku suka fito, kuma na lura su ne dai ra'ayoyin da ake ji a ko'ina aka tayar da wannan magana.

Na farko ra'ayin wani abokin aikinmu ne daga sashen kimiyyar kwamfuta. Shi a wurinsa maganar a bayyane take: duk wanda bai mallaki na'urar da bayanansa ke kwana a ciki ba, to ɗan haya ne, kuma ɗan haya kullum a shirye yake da takardar tashi. Yana da wata 'yar kwamfuta a gidansa da ba ta mutuwa dare da rana, a cikinta yake tara hotunan iyalinsa da littattafansa da takardunsa. Ya rufe da karin maganar da muka sani, cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu wata Dakta ce daga sashen tattalin arziki, wadda ta yi dariya ta ce wannan wasan masu sukuni ne. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa, wa zai ɗora wa kansa renon na'urar da ke son wuta awa ashirin da huɗu? Kamfanonin da ke wannan aiki suna da dubban injiniyoyi da gine-gine masu sanyi da janareto na ko-ta-kwana. Ta ce rarraba aiki shi ne ginshiƙin ci gaba: ba ka haƙa rijiyar man fetur don kana da mota, don me za ka gina rumbun bayanai don kana da waya? Ka biya 'yan kuɗi a wata, ka yi barcinka.

Na uku wani dattijon Farfesa ne da ke dab da ajiye aiki. Ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya ce, "Yarana, kundin digirina na uku yana nan a kan kanta, kowa na iya ɗauka ya karanta. Faifan fulofi da na adana kwafinsa a ciki kuwa, ku nemo mini na'urar da za ta buɗe shi a duk faɗin jami'ar nan." Shi a ganinsa, abin da ba a buga a takarda ba, ba a ajiye shi ba.

Ni fannina tarihi ne, kuma sana'ar mai nazarin tarihi ita ce bin sawun abin da ya tsira da kukan abin da ya salwanta. Don haka nake ganin kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma kowannensu ya saki wani yanki. Amma kafin in yi hukunci, ya kamata mu fahimci abin da ake jayayya a kansa.

Abin da ake kira gajimare, wato ajiyar intanet, suna ne mai daɗi da aka laƙaba wa kwamfutocin wasu mutane. Idan wayarka ta ce ta tura hotunanka gajimare, ma'anarsa ta aika su wani katafaren gini a wata ƙasa, mai cike da dubban kwamfutoci, mallakar Google ko Apple ko Microsoft ko Amazon. Irin kwamfutar da ke zaune tana jiran a ba ta ajiya ko a nemi wani abu daga gare ta, ita ake kira saba. Saba ba wata halitta ce ta daban ba. Aikin da aka ɗora wa kwamfuta ne ke mayar da ita saba. Tsohuwar laftof da ke kwance a ƙarƙashin gadonka tana iya zama saba idan aka sa mata manhajar da ta dace, aka haɗa ta da rautar gida, aka bar ta a kunne. Daga nan duk wata waya da ke cikin gidan za ta iya zuba mata hotuna da takardu ta Wi-Fi, ba tare da an ci ko ƙwayar data ba, domin saƙon bai fita daga gidan ba. Wannan shi nake kira rumbun gida, domin aikinsa aikin rumbu ne: abin da ka noma ka zuba, ranar buƙata ka ɗiba, mabuɗi kuma yana hannunka.

To me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya, alhali ga ajiya kusan kyauta? Amsar tana cikin tarihin shekaru goma sha biyar da suka wuce, kuma tarihi ne da aka rubuta a fili.

A shekarar 2015 Google ya buɗe Google Photos da alkawarin ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Jama'a suka yi tururuwa. Daga ranar 1 ga Yunin 2021 kamfanin ya janye wannan tayi, ya mayar da sababbin hotuna cikin gigabait 15 da ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da hotuna. Idan kowane hoto ya kai megabait uku, hotuna dubu biyar sun cika wannan ma'auni, kuma idan ya cika, har saƙon imel yana iya daina shigowa sai an biya ko an share wani abu. A shekarar 2023 kuma kamfanin ya sanar da cewa daga Disambar shekarar yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Babu wanda zai ce kamfanin ya yi sata, domin gidansa ne, kuma sharuɗɗan da muka danna amincewa ba tare da karantawa ba sun ba shi dama. Darasin kawai shi ne cewa mai gida yana iya canza ƙa'ida a duk lokacin da ya ga dama.

Akwai kuma kuskure, wanda girman kamfani ba ya hana shi. A watan Maris na 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 a yayin sauya sabobinsa, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma wasu daga cikin waɗanda ba su da kwafi a wani wuri ba su sake ganin bayanansu ba. Akwai kuma rufe shago. Yahoo ya rufe zaurukansa na tattaunawa baki ɗaya a Disambar 2020, bayan ya riga ya kwashe abin da aka tara a cikinsu. Waɗanda suka san farkon shigowar intanet ƙasar Hausa za su tuna cewa a irin waɗannan zauruka marubuta da masu sharhin finafinanmu suka shafe shekaru suna muhawara. Duk abin da wani bai kwafe da hannunsa ba, ya bi ruwa.

Hatta abin da ka saya da kuɗinka ba lallai ne ya zama naka ba. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa, ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 da suka saya, saboda wata matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya nemi afuwa. Bayan shekara goma, a 2019, Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar da kuɗi. Ka ƙaddara mai kantin littattafai ya shigo ɗakinka da dare, ya kwashe littattafan da ka saya a wurinsa, ya ajiye maka kuɗinka a kan tebur. Kuɗin sun dawo, amma alamomin da ka yi a gefen shafi fa?

Duk waɗannan misalai daga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke. Mu namu yanayin ya ƙara wa al'amarin nauyi, domin kafin ka isa ga ajiyarka ta gajimare sai ka ratsa hanyoyi da yawa, kuma kowacce tana iya tsinkewa. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗayanta saboda matsalar tsaro, sannan aka bi da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ɗalibin da takardunsa ke gajimare a wancan lokaci, da shi da wanda ba shi da takardu duk ɗaya suke. A shekarar dai gwamnati ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'a shida, 'yan kasuwar da duk cinikinsu ke WhatsApp suka yi zaune. Ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har hada-hadar bankuna ta shiga tangal-tangal a Nijeriya. Ga kuma tsada: kuɗin hayar ajiya a ƙarshe da dala ake auna shi, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wato kana biyan data ka tura hotonka ƙetare, ka biya haya a ajiye maka, ka sake biyan data ka gan shi.

Akwai kuma batun sirri, wanda ba mu cika damuwa da shi ba. Tun 2018 Amurka take da dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta, ko da a wata ƙasa aka ajiye bayanan. Mu ma mun sami dokar kare bayanai a Yunin 2023, kuma ci gaba ne, sai dai hannun doka ba ya cika isa inda ƙafar ƙasa ba ta kai ba. Likita ko lauya ko mai binciken da mutane suka buɗe masa cikinsu bisa amana, ya kamata aƙalla ya san a wace ƙasa amanar take kwana.

Waɗannan dalilai suka sa shekaru uku da suka wuce na bi shawarar abokin nan nawa na sashen kwamfuta. Na ɗauko wata tsohuwar laftof da allonta ya tsage, ya sa mini Linux a kanta, muka haɗa mata faifan ajiya na waje mai terabait biyu. Laftof ta fi dacewa da mu a kan babbar kwamfutar tebur saboda dalili ɗaya: tana da batirinta, don haka idan an ɗauke wuta ba ta faɗuwa nan take. Manhajojin da ke kanta duk kyauta ne, kuma tushensu a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Nextcloud, wadda aka fara a Jamus a 2016, tana riƙe takarduna kamar yadda Drive ke yi. Immich tana karɓar hotuna daga wayoyin gidan. Jellyfin tana jera karatuttuka da laccoci da shirye-shiryen yara. Calibre tana tsara littattafai. Kiwix kuwa tana ba yarana damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ko da babu intanet. Sa'a guda ta murya mai matsakaicin kyau ba ta wuce megabait 60 ba, saboda haka terabait guda yana ɗaukar sa'o'i sama da dubu goma sha shida. Kaset-kaset na tafsiri da mahaifina ya bari, waɗanda suka cika akwati biyu, ba su ci ko kashi ɗaya cikin goma na faifan ba.

Wutar da take ci ba ta kai yadda ake zato ba. Laftof irin wannan, idan allonta a kashe yake, tana cin kimanin wat 15. A wata guda ke nan kusan yunit 11. Ko da a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin ba su kai naira 2,500 ba. Wanda ke son abin da ya fi haka sauƙi yana iya neman Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu da aka fara fitarwa a Ingila a 2012 a kan dala 35, wadda cinta bai kai rabin haka ba. Kuma da yake Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, tsofaffin na'urori masu lafiya za su yi ta kwararowa kasuwanninmu na 'yan gwanjo. Da a bar su su zama bola, gara su zama rumbu.

Sai dai a nan ne dole in yi wa Daktar tattalin arziki adalci, domin abin da ta faɗa na gan shi da idona. A watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, rumbuna ya kwanta tare da firij da fanka. Sai da na haɗa shi da ƙaramar sola da inbata sannan ya zama abin dogaro, kuma wannan kuɗi ne da ba kowa ke da su ba. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu abokan gābar faifai ne; sau biyu a shekara sai an buɗe an kakkaɓe. Isa ga rumbun daga wajen gida ma wani aiki ne, domin kamfanonin layukan waya suna haɗa dubban mutane a kan adireshin intanet guda, don haka ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar gidanka kai tsaye sai ta wata kafa ta musamman, irin su WireGuard ko Tailscale. Ga kuma lokaci. Ranar da wani abu ya lalace, babu lambar da za ka kira. Kai ne injiniya, kai ne mai gadi, kai ne kuma wanda uwargida za ta tambaya ina hotunan suna suka shiga.

Babban haɗarin ma shi ne tsaro. Na'urar da aka buɗe wa ƙofa zuwa intanet, aka kuma daina sabunta manhajarta, gida ne da bangonsa ya tsage, kuma mun san wanda ke samun wurin shiga idan bango ya tsage. A watan Yunin 2021 masu amfani da wata na'urar ajiyar gida ta kamfanin Western Digital mai suna My Book Live suka wayi gari suka tarar an share musu komai daga nesa. Na'urar ta daina samun sabuntawa tun 2015, 'yan kutse suka gano kafar, suka shiga. Waɗannan mutane sun mallaki na'urarsu, tana cikin ɗakinsu, amma hakan bai cece su ba. Wanda bai shirya koyon kula da rumbu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka hukuncina shi ne cewa tambayar da muka shafe sa'a biyu muna jayayya a kanta ba ita ce ta farko ba. Kafin a tambayi a ina aka ajiye, sai a tambayi kwafi nawa aka ajiye. Ɗalibata ba ta yi asara don ta zaɓi gajimare ko ta zaɓi rumbun gida ba. Ta yi asara domin kwafinta ɗaya ne tak. Masu wannan fanni suna da wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan nau'in ma'aji biyu daban-daban, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidanka. Manomin da ya san ta kan duniya ba baƙon wannan hikima ba ne. Yana da hatsi a rumbu, yana da wani a ɗaka, yana kuma da 'yan buhuna a wurin ɗan'uwansa a wani gari, domin gobara ba ta sallama. A wannan tsari, gajimare da rumbun gida abokan aiki ne: ɗaya yana tsare ka daga ɓarawo da gobara da ambaliya, ɗayan yana tsare ka daga katsewar layi da canjin ƙa'idar kamfani da tashin dala.

Ga wanda ke tambayar ta ina zai fara, matakan suna da tsani, kuma ba dole ne kowa ya kai ƙarshensa ba. Matakin farko ba ya buƙatar saba ko kaɗan: a sayi faifan ajiya na waje, a ware rana ɗaya a wata, a kwafe abin da ke waya da kwamfuta. Kada a dogara da filas ko memori don ajiyar shekaru, domin irin wannan ma'aji yana iya zubar da abin da ke cikinsa idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Mataki na biyu shi ne a karɓo kwafin abin da ke hannun kamfanoni. Google yana da kafar Takeout da ke ba mutum damar sauke duk abin da ya ajiye, Facebook da Apple ma suna da makamanciyarta. Mataki na uku shi ne faifai na biyu, wanda za a kulle da kalmar sirri a kai shi gidan iyaye ko ofis, a riƙa musanya shi lokaci-lokaci. Sai wanda ya ga yana da sha'awa da haƙuri ya hau mataki na huɗu, ya kafa rumbun gida, kuma ya fara da barin sa a cikin gida kawai, ba tare da buɗe masa ƙofa zuwa waje ba. A kowane mataki, a riƙa gwada buɗe abin da aka ajiye. Ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba, zato ce kawai. Shi kuma dattijon Farfesa a ba shi haƙƙinsa: takardar fili, da shaidar karatu, da hotuna ashirin mafi daraja a gidan, a buga su a takarda, domin takarda ba ta neman caji.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba, wato gado. Iyayenmu sun bar mana gafaka da akwatin takardu, kowa ya san inda suke, aka buɗe bayan rasuwa aka ga bashin da ake bi da wanda ake bin su. Mu kuwa za mu bar wayoyi a kulle da kalmomin sirri da muka tafi da su kabari. Haƙƙoƙin mutane nawa ne ke maƙale yau a cikin wayoyin mamata? Google yana da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba bayanansa idan asusunsa ya daɗe shiru, Apple da Facebook ma suna da tsarin naɗa magaji, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa leƙa wurin. Mai rumbun gida kuwa nauyinsa ya fi haka, domin idan shi kaɗai ya san yadda na'urar ke aiki, ranar da ya faɗi rumbun ya zama ƙarfe. A rubuta bayanin a takarda, a sa a ambulan, a damƙa wa amintacce, kamar yadda ake yi da wasiyya.

A ƙarshe, wannan nauyi bai kamata ya tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Abin da ya yi wa mutum ɗaya tsada, ba zai gagari sashe guda na jami'a ba. Kowane sashe da ke tura ɗalibai naɗar hira da tattara waƙoƙi da ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami ya kamata ya mallaki rumbunsa, da sola, da mutum guda mai kula da shi, kuma a mayar da shi sharaɗi cewa ɗalibi ya zuba kwafin abin da ya naɗo kafin mako ya zagayo. Haka makarantun Islamiyya da masallatan da ke naɗar karatu, da gidajen rediyo masu ɗakunan da ke cike da tsofaffin kaset, da ƙungiyoyin marubuta. Kakanninmu sun kwafi littattafai da hannu, kwafi bayan kwafi, shi ya sa rubuce-rubucen ƙarni na goma sha tara suka iso gare mu. Abin kunya ne a ce mu da kwafi ke ɗaukar mu minti biyar, mu ne za mu bar wa na baya kango.

Ɗalibata ta koma ƙauyukan a wannan mako. Tsofaffi tara suna nan da rai, kuma sun yarda su sake zama da ita. Biyun da suka tafi, sun tafi da abin da ke bakinsu, sai ɗan abin da ta rubuta a littafinta na aljihu. Na ba ta aron faifai, na kuma ce duk daren da ta dawo daga hira ta kwafe kafin ta ci abinci. Mai karatu, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka. Ka duba wayar da ke hannunka, ka tambayi kanka abin da ba za ka iya maye gurbinsa ba idan ta ɓace yau da magariba, ka kwafe shi kafin ka kwanta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.